Yaranmu huɗu masu karatun zane: wa za mu karrama, kuma da me?

Tambayar ta fito daga wata Hajiya, shugabar ƙungiyar iyaye mata ta wata unguwa a Birni, nan Damagaram. Ta ce: "Kowane babban hutu muna yin walima don karrama ƴaƴanmu da suka yi fice a karatu. Bana huɗu ne, kuma duk zane suke karanta. Ta farko yarinya ce, ta gama lisans a fannin tsara birane a jami'armu, an rubuta Bien a takardarta. Na biyu ya ci jarrabawar shiga makarantar zanen gine-gine ta Lome, an ce har da burs, wato tallafin kuɗin karatu. Na uku yana Zariya yana koyon zanen yadi, makinsa 3.9. Na huɗu yana karatun zanen kwamfuta a Yamai, ya kawo takardar lambar yabo ta duniya da ya samu ta intanet. Mun tara jika 400. Wasu sun ce mai takardar duniya ya kamata ya ɗauki kaso mafi tsoka, wasu kuma sun ce zane ba karatu ba ne, a ajiye kuɗin sai mai karatun likita ya fito. Yaya za mu yi?"

Hajiya, ranki ya daɗe. Allah ya saka muku da alheri, ke da matan ƙungiyarku. Ni sana'ata zanen gine-gine ce, kuma na daɗe ana kira na in zauna cikin malaman da ke duba aikin ɗalibai ranar sutunansi, ranar da ɗalibi ke tsayawa ya kare aikinsa na ƙarshe. Takardu irin waɗannan huɗu sun sha ratsawa ta hannuna. Shawarata ita ce kada ku raba kuɗin nan bisa takarda kaɗai. Ku tantance takardun, wannan dole ne, sannan ku ce kowane yaro ya zo da aikin da hannunsa ya yi, a rataye shi a bango kowa ya gani. Ba a cinikin biri a sama.

Zan fara da ƴarku mai Bien, don ita nake tsoron a danne wa haƙƙi, tunda a gida ta yi karatu ba ta hau mota ta je ko'ina ba. A tsarinmu maki a kan 20 ne. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 ana rubuta Passable, daga 12 zuwa ƙasa da 14 Assez Bien, daga 14 zuwa ƙasa da 16 Bien, daga 16 zuwa sama kuma Très Bien. Lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, zango 6. To amma akwai wurin da iyaye suke yawan ruɗewa. Bien iri biyu ne: akwai na ranar sutunansi, akwai na karatun gaba ɗaya. Ranar sutunansi malamai sukan saki hannu. Dangi sun cika ɗaki, yarinya ta yi watanni ba ta barci, ta yi bayani da kyau, sai ka ga 16 ko 17 sun fito ba wuya. Matsakaicin makin zango shida kuwa ba ya jin kunyar kowa. Saboda haka ku roƙe ta ta kawo relebe, wato takardar maki ta kowane zango mai hatimin makaranta. Idan 14 ɗin nan na shekara ukun ne, to Hajiya, kun haifi gwana, kuma ita ce ta gaba a cikin huɗun nan. Ku ƙara tambayar ta ko ita ce ta ɗaya a ajinsu, wadda ake kira majo, da kuma ko ta ci darussanta tun a zama na farko ba tare da maimaita jarrabawa ba. Yara masu kunya ba sa faɗin irin wannan sai an tambaye su.

Akwai dalilin da ya sa nake ɗaga 14 haka. A lissafi amsa ɗaya ce, wanda ya same ta ya ɗauki 20. A zane babu amsa ɗaya. Ko aikin ya kai kyau malami zai ga tagar da ke kallon ranar yamma, ko matakalar da tsohuwa ba za ta iya hawa ba, ko titin da motar kashe gobara ba za ta iya juyawa a cikinsa ba, ya rage maki. Ɗalibin da ya samu 13 a babban aikin zane ya yi gumi. Kada a ajiye makinsa kusa da na wani fanni a ce ya gaza.

Kuma fanninta namu ne. Jami'ar nan, wadda aka kafa a 2010 kuma yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da aka haifa a garin nan a 1942, tana horar da masu tsara ƙasa da birane. Garin da kowa ya san wahalar ruwansa da rani, da yadda damina ke cin gidajen ƙasa, da yadda sababbin unguwanni ke tsirowa kafin a yanka musu titi da magudanar ruwa, yana bukatar irinta kamar yadda yake bukatar likita. Da yawa daga zazzaɓin da likita ke magani daga ruwan da ya kwanta a ƙofar gida yake fitowa.

Sai na Lome. Makarantar ita ce EAMAU, ƙasashen Afirka 14 ne suka haɗu suke riƙe da ita, har da Nijar, tun tsakiyar shekarun 1970. Tana koyar da zanen gine-gine, da tsara birane, da tafiyar da harkokin birni. Ana shigar ta da kwankur, wato jarrabawar gasa, kuma cin wannan kwankur ɗin kansa abin yabo ne, domin yaron ya gwabza da ƴan bak masu yawa, wato waɗanda suka gama sakandare, a kan kujeru kaɗan. Abin da ya rage ku bincika shi ne kalmar "an ce". A makarantar akwai masu shiga da kuɗin gwamnatinsu, akwai masu shiga da kuɗin iyayensu, kuma a bakin mutanen unguwa duka biyun "ya samu Lome" ne. Ku nemi ganin sunansa a jerin hukuma, ko wasiƙar da ta ba shi burs ɗin.

Burs kansa ba duka ne lambar yabo ba. Wanda gwamnati ke bayarwa ta hannun ANAB, hukumar kula da burs ta ƙasa, yana da sharuɗɗansa na maki da shekarun haihuwa. Akwai kuma taimakon da ake ba ɗaliban da ba su samu burs ba, a gida sau da yawa shi ma burs ake ce masa. Akwai na ƙasashe abokan hulɗa irin su Maroko da Aljeriya, akwai na Turkiyya da ɗalibi ke nema da kansa ta intanet a farkon shekara. Wani yana biyan kuɗin makaranta kawai, wani har da ɗaki da abinci da jirgi. Duk wanda ya ce muku ya samu burs, ku tambaye shi wa ya bayar, da me aka zaɓe shi, kuma me kuɗin ke ɗauka. Wanda ya samu da gaske ba ya inda-inda a kan waɗannan.

Ko da na wannan yaron cikakke ne, kada ku ce ai shi ya huta. Zanen gine-gine a can shekara 5 ne, uku na lisans biyu na mastar, kuma watannin farko su ne masu ɗaci: kuɗin burs ba ya riga ɗalibi isa. Daga nan zuwa Yamai kaɗai wajen kilomita 900 ne, hanyar Lome kuma ta ƙara tsawo da tsada a ƴan shekarun nan. Ga fasfo, ga kuɗin ɗaki na farko, ga takardun da za a kai ma'aikatar magajin gari a buga musu hatimi. Wannan na ƙarshen yana yi mini ciwo har yau. Na taɓa riƙe wani ɗalibi, yaro mai hannu, ɗan mai gyaran keke. An zaɓe shi zuwa mastar a waje. Ranar ƙarshe ta karɓar dosiye, wato takardun nema, ya isa ofishin da zufa a goshi, ambulan ɗinsa ya lanƙwashe a aljihun riga, mai karɓa ya buɗe ya ƙirga, sai ga relebe ɗaya ba hatimi. Mai hatimin ya yi tafiya, wanda ya wakilta ya ce ba shi da izini. Yaron ya zauna a kan dakalin ƙofar ofishin har aka kira la'asar aka rufe. A shekara ta gaba shekarunsa sun haura. Da wani babba ya duba takardunsa mako biyu kafin ranar, da yanzu wani zance ake yi. Cikin matan ƙungiyarku ba za a rasa tsohuwar malama ko ma'aikaciyar ofis ba. Ku ɗora mata wannan aikin, ta zauna da yaron su bi dosiyen takarda bayan takarda.

Na Zariya ba ya bukatar dogon bayani. Makin can a kan 5 ne, kada wata ta ji 3.9 ta ɗauka a kan 20 ake nufi. Daga 4.50 daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, shi kuwa yana tsakiyarta. Maki ne mai kyau, daga Jami'ar Ahmadu Bello da ke aiki tun 1962, wadda sashenta na zanen masana'antu ya daɗe yana fitar da masu zanen yadi da tangaran. Ku tambaya ko makin na zango ɗaya ne ko na duk shekarun da ya yi. Ku kuma tuna masa cewa Najeriya ba ta cikin CAMES, majalisar da aka kafa a Yamai a 1968 wadda ke duba daidaiton takardun manyan makarantu na ƙasashe irin namu, don haka in ya dawo sai ya nemi takardar daidaita digirinsa a ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin ya shiga neman aikin gwamnati.

Yanzu ga mai takardar duniya, kuma a nan ina roƙon ku bi a hankali. Intanet ta cika da gasannin zane da ba gasa ba ne, kasuwa ce. Yaro ya tura aikinsa, bayan kwanaki a rubuto masa cewa ya yi nasara, amma sai ya biya kaza kafin a aiko da takarda, ya ƙara kaza in yana son kofi. Kusan duk wanda ya biya ya ci. Takardar takan zo da ruwan zinare da tambari mai kama da na sarauta, ta fi ta jami'a kyau nesa ba kusa ba, shi ya sa take ɗaukar idon iyaye. Biyan kuɗin shiga kaɗai ba ya nuna ƙarya, akwai gasanni na gaske da ake biya kafin a shiga. Abin dubawa shi ne ko an nemi kuɗi bayan an ce ya ci, ko alƙalan suna da suna da fuska, ko ana iya ganin waɗanda suka ci a shekarun baya da ayyukansu, da kuma mutum nawa aka ba irin lambarsa a shekarar. Idan ɗaruruwa ne, to rasit ɗin biya ke hannunsa.

Idan haka ta tabbata, kada a faɗe shi a taro. Ke da mahaifiyarsa da shi kawai. Galibi yaron ba maƙaryaci ba ne, shi aka cuta, watakila ma da kuɗin abincinsa ya biya. Kuma takardar banza ba ta hana hannunsa zama na gwani. Ku ce ya buɗe kwamfutarsa ya nuna muku alluna da tambura da katunan da ya zana, ku karrama shi a kan su. Idan kuwa gasar ta gaske ce, to ku yi masa guɗa, ya cancanta.

Su kuma ƴan'uwa da suka ce zane ba karatu ba ne, ba na ganin laifinsu sosai, domin a makarantar boko an saba mayar da zane darasin cike lokaci. Amma a Birni kuke, Hajiya. Ku fito ƙofar gida ku ɗaga kai. Zankwayen da ke kan soraye, da zanen da aka ƙawata fuskar zaure da shi, da bakan gizon da ya ɗauki rufi shekara da shekaru ba ƙarfe ba siminti, da fadar Sarkin Damagaram da baƙi ke zuwa kallo, duk wani ne ya zauna ya auna ya tsara. Jakunkunan dukawanmu ma haka. Duniya ta san darajar wannan ilimin. A 1986 masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa, ya samu lambar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gine-gine, kuma maginin gargajiya ne, Falke Barmu, ya fara gina shi da ƙasa tun 1962. A 2017 aikin Dandaji na Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, ya ɗauki zinare na lambar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya. A lokacin ba a ma gama ginin ba, sai a 2018. Zanen da tunanin da ke cikinsa aka ba lambar. Ita kuma Mariam ɗin ilimin kwamfuta ta fara karantawa, har ta yi aiki da shi, sannan ta koma aji ta koyi zanen gine-gine. A ɓangaren tufafi, bikin nunin tufafin Afirka na FIMA da mai zanen kaya Alphadi ya fara a 1998 a Tigidit kusa da Agadas yana da gasar matasa masu zanen kaya, kuma irin wannan gasa, mai alƙalai a zaune da masu kallo, ita ɗanku na Zariya ya kamata ya sa a gaba.

Ga yadda nake ganin ranar walimar. Kafin a kawo abinci, ku ja igiya a inuwa, ko ku yi amfani da katangar makarantar unguwa. Yarinyar ta rataye taswirar unguwar da ta yi nazari a kanta. Na Zariya ya shimfiɗa yadudduka, har da waɗanda suka lalace a gwaji. Na Lome bai fara ba tukuna, ya kawo littafin zanensa. Na Yamai a buga ayyukansa a babbar takarda. Kowa a ba shi minti biyar ya yi bayani da Hausa, don wanda ba zai iya gaya wa kakarsa abin da ya zana ba bai gama fahimtar sa ba. Sannan ku gayyaci tsohon magini, da baduku, da tela ko marini, ku ba su kujerun gaba.

Wannan na ga amfaninsa da idona. Wata shekara ɗalibai sun baje ayyukansu, akwai wani da ya yi ƙaramin samfurin gidan ƙasa da kwali, mai kyau ƙwarai, gam bai ma gama bushewa a yatsunsa ba, don ya kwana yana liƙawa da fitilar salula bayan an ɗauke wuta. Mu malamai mun ba shi maki mai yawa. Sai wani dattijo magini da muka gayyata ya matso, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can ya ɗora yatsa a kan rufin ya ce, "Ɗana, in an yi ruwa ina zai bi?" Babu indararo ko ɗaya. Yaron ya yi shiru, sannan ya ɗauko fensir ya durƙusa kusa da shi, suka yi kusan awa guda a wurin. Da za su rabu dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce bakansa ya zauna daidai, ko shi haka zai ɗaura shi. Na haɗu da wannan ɗalibi bayan shekaru. Makin da muka ba shi ya manta, maganar bakan kuwa ya maimaita mini ita kalma da kalma.

Batun kuɗi. Kada ku sayi kofi, ko allon bango, ko turmin atamfa. Karatun zane yana cin kuɗi ta hanyar da iyaye ba sa gani: bugun manyan takardu, kwali da gam da wuƙar yanka, fenti da rini, sama da duka kuma kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajojin zane irin su AutoCAD ko Photoshop ba ta tsaya ba, da batirin da zai riƙe ta in wuta ta tafi. Da ni ne, in takardun sun fito kamar yadda nake zato, zan ware jika 50 don buga ayyukan da shirya wurin. Yarinyar 120, a tambaye ta ko kwamfuta take so a cika mata ko kuɗin rajistar mastar. Na Lome 120, rabi a hannu don tafiya, rabi a aika masa bayan wata biyu, lokacin da guzuri ya ƙare. Na Zariya 70 don kayan aikinsa na ƙarshe. Na Yamai 40, kuma a ba shi a matsayin ladan aiki: ya zana wa ƙungiyarku tambari da katin gayyatar walimar, a rubuta sunansa a ƙasa. Wannan ya fi masa takardar intanet amfani, don aiki ne na gaske da zai nuna wa mai ɗaukar ma'aikata. Ina kuma roƙon ku hana al'adar nan ta "ai ɗanmu ne, ya zana mana filan gida kyauta". Mutumin da ya yaba wa yaro a taro, washegari ya sa shi aikin mako uku ba ko dala, ya ƙwace yabonsa.

Wajen sanarwa, a rediyo ko a WhatsApp, ku faɗi abin da takarda ta faɗa, kada ku ƙara gishiri. "Ya ci kwankur ɗin shiga" daban yake da "ya zama injiniya", kuma yaron ne zai sha kunya in an kira shi da muƙamin da bai kai ba. Kada ku watsa hoton diploma ko relebe, akwai lambar ɗalibi da ranar haihuwa a kai, masu haɗa takardun jabu irin su suke nema. Kada ku ambaci yawan kuɗin burs a bainar jama'a, in ba haka ba kafin ya isa Lome an riga an raba kuɗin a baki. Yarinyar kuma a nemi yardarta da ta gidansu kafin a sa hotonta.

Ku sa ranar da wuri, kafin na Lome ya kama hanya kuma kafin Zariya ta koma. Matan da suka ce a jira mai likita, su za ku ba ambulan su miƙa wa yaran da hannunsu, bayan sun zagaya sun ga aikin. In kun tsayar da rana ku aiko mini, zan zo da igiya da ƙusoshi tun bayan asuba mu rataye zanen kafin rana ta yi zafi.